Tuwon Aida a Kan Takarda

Duk wanda ya tashi a Zabreza a wancan zamani ya san Polona ta gidan Fada, limamin cocinmu. Gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, hayaƙin murhu ya rine mata gefen idanu, kuma ba a taɓa ganinta tana tafiya hannu sake ba. In ba guga ba to itace, in ba itace ba to kan kabeji a hammata.

A gidan Mlakar aka haife ta, can gangare inda rafi yake juya dutsen niƙa. Su bakwai ne a ɗakin uwarsu, biyu suka yi tsawon rai, ita da ƙanenta Miha mai kiwon zuma. Tana da shekara goma sha tara ta auri Tine, mai ƙona gawayi a dajin bayan tudu. Sun yi shekara goma sha ɗaya tare, sai wata rana itace ya faɗo masa, abokan aikinsa suka kawo shi gida a kan tsani. Ya bar ta da 'ya ɗaya mai rai, Lenka.

Mace ba gona ba miji, sai tsohon Fada na lokacin ya ɗauke ta girki. Lenka ta zauna wajen matar Miha har ta kai shekara goma sha biyu, sannan aka samo mata aikatau a Tirist, bakin teku, tafiyar kwana huɗu a keken doki. Polona ta ɗauka shekara biyu ne yarinyar za ta dawo, a lokacin sai ta tsayar da ita gaban tukunya ta koya mata abin da uwarta ta koya mata. Lenka ba ta dawo ba. A can ta girma, a can ta auri Andrei mai tufka igiyar jiragen ruwa, ta haifi uku. Cikin shekara ashirin sau biyu kacal uwa da 'ya suka sa juna a ido.

Fada uku Polona ta dafa wa abinci. Na farko mai ciwon ciki ne, na biyu mai son nama. Na ukun, Fada Urban, ɗan manomi ne da ya yi karatu har Biyana, ya zo da akwati biyu na littattafai da wata ɗabi'a ta tare mutum a hanya ya nuna abin da ke hannunsa ya ce, "Me kuke ce wa wannan?" Yana da abokai a Lubilyana, masu karatu irinsa, da suka ɗaura niyyar sai an buga littattafai da harshenmu. Wani ya ɗauki kalanda, wani ya ɗauki kiwon zuma, wani aikin ungozoma. Shi kuwa suka ba shi littafin girki na Jamusawa suka ce ya juya shi. Daga ranar ɗakin girkin Polona bai ƙara samun sakewa ba.

"Inna Polona, wannan da kike kwashe kumfa da shi, me sunansa?"

"Ludayi mai huda, Fada. Jiya ma kun tambaya."

"Miha ya ba ni wani suna daban."

"Miha bai taɓa kwashe kumfar komai ba sai ta giya, ita ma da gashin baki."

Sai ya zauna a kan kututturen da take sara nama, ya buɗe takardunsa yana karanta mata abin da ya juya, don ta gaya masa ko ya shiga kunne. A samu kifi kaza, a matse lemun tsami biyu, a barbaɗa kirfa da sukari. Tana saurare tana feraye albasa.

"Maganar ta yi daidai," in ji ta. "Amma wa zai dafa wannan a Zabreza? Ni lemun tsami sau ɗaya na taɓa gani, shi ma a hannun gawa aka sa shi, ranar da aka binne matar alƙalin Loka."

"Ba don Zabreza kaɗai ba ne. So muke a gani cewa duk abin da Jamusanci ya ɗauka, harshenmu ma zai ɗauka. Mu Sulobenawa mun daɗe ana ce mana bakinmu na kiran shanu ne kawai."

"Mu su wa?"

"Sulobenawa. Duk mai magana irin tamu, daga nan har bakin teku."

"Ni dai 'yar gidan Mlakar ce," in ji Polona. Amma bayan ya fita ta daɗe da wuƙa a hannu ba ta yanka komai ba, tana juya wannan magana ta har bakin teku.

A kakar wannan shekara aida, hatsin nan namu mai baƙin gari, ta yi kyau. Furenta ya rufe gonaki fari fat, kudan zuman Miha suka cika amya da baƙar zuma, aka girbe aka rataye a rumfunan shanya. Polona ta kai mudu goma niƙa gidansu, ta ƙulle garin a jaka biyu ta ba Yuri mai keken doki, wanda yake kai ƙusa Tirist ya dawo da gishiri, ya kai wa Lenka. Ba ta taɓa aika gari ba sai wannan karo. Da, busasshen tuffa da zuma take aikawa.

Bayan mako uku Yuri ya dawo, ya tsaya a ƙofar ɗakin girki yana murza hula.

"Inna Polona, gari ya isa. Sai dai akwai saƙo, kuma ba ni da daɗin faɗa."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Lenka ce ta ce sau uku tana gwada jigantsi, tuwon aidar nan namu, sau uku yana fitowa kamar kwaɓin yaɓen bango. Yaran suka yi ta dariya, babbar ta ce ita a ba ta tuwon masara irin na maƙwabta, wannan baƙin abu ba na mutane ba ne. A gabana Lenka ta sa gefen zane a ido. Ta ce ɗanɗanonsa yana bakinta tun tana yarinya, amma hannunta bai san hanya ba. Ta ce ki gaya mini yadda ake yi in gaya mata."

Polona ta zaunar da shi ta fara bayani. Ba ta kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Inna, kada in cuce ki. Kafin in kai Postoina duk ya zube. Ni sunan dokina ma wani lokaci sai na yi tunani."

"Yaushe za ka koma?"

"Ranar Waliyyi Martin, kwana biyar ke nan. Daga ita kuma sai bazara, ƙanƙara za ta rufe hanya."

Ta duba gwiwoyinta. Hawan tudun coci ma sai ta tsaya sau biyu, balle kwana huɗu a kan buhunan ƙusa. Gari yana can a jaka, jikoki suna can suna girma da tuwon maƙwabta, ita kuma abin yana nan a hannunta ba ta san yadda za ta ciro shi ta aika ba.

Washegari da ta kai wa Fada abincin safe ba ta fita ba. Shekara talatin tana gidan nan ba ta taɓa roƙon kowa komai ba, don haka maganar ta fito mata a karkace.

"Fada, littafin nan naku, akwai jigantsi a ciki?"

Cokali yana hanyar bakinsa, da jigantsin a kai, nono yana ɗiga. Ya mayar da shi kwano.

"Babu. Littafin Jamusawa ne, su ba su sa ba."

"To ku da kuke juyawa, hannunku a ɗaure yake?"

Sannan ya gaya mata gaskiya, cewa ya taɓa tayar da maganar, abokinsa na Lubilyana ya rubuto masa cewa a bari. Wai in aka sa abincin ƙauye Jamusawa za su samu abin dariya, su ce ga masu cin baƙin tuwo sun yi littafi.

"Shi abokin naku me yake ci da safe?"

"Uwarsa 'yar ƙauyen Poliyane ce," in ji Fada. "Kin san abin da yake ci."

"To ni ba ruwana da Lubilyana. Takarda ɗaya nake roƙo. Mijin Lenka yana karanta littafin addu'a da harshenmu, zai karanta mata. Ku rubuta mini yadda ake yi, yadda wanda bai taɓa gani ba zai dafa ya ci."

Ya ture kwano gefe ya jawo tawada. Yana tsammanin aikin ɗan lokaci ne.

"Faɗi."

"A ɗora ruwa."

"Nawa?"

"Daidai."

"Inna Polona, daidai ba ya rubutuwa."

Sai da suka koma ɗakin girki, ta zuba ruwa a tukunya yadda ta saba, shi kuma ya kwashe da moɗa yana ƙirgawa. Haka suka yi da gari, haka da gishiri. Moɗa uku na ruwa, ɗaya da rabi na gari. Polona tana kallo kamar ana auna mata jini.

"In ya tafasa a juye garin gaba ɗaya a tsakiya, ya yi tudu. Kada a tuƙa."

Alƙalaminsa ya tsaya. "Kada a tuƙa? Duk abin gari da ke littafin nan cewa ake a zuba kaɗan kaɗan ana juyawa."

"Abin da ya ɓata wa Lenka ke nan, ko ban gani ba na sani. Ta ga matan Tirist suna tuƙa masararsu ta bi su. Aida ba ta son muciya. A bar ruwa ya hau kanta ya rufe ta, ta zama curi guda. Sannan a juya muciya, a huda curin da gindinta har ƙasa, ruwa ya bi ta ramin. A rufe, a janye itace biyu."

"Har tsawon wane lokaci?"

"Carbi ɗaya."

"Zan rubuta rabin sa'a."

"Wa ke da agogo, Fada? Ku kaɗai ne a garin nan, shi ma rabin lokaci yana kwance. Carbi kuwa ko makauniya tana da shi a aljihu. Uwata da shi ta dafa, uwarta ma haka."

Ya rubuta carbi ɗaya. Sauran ya zo da sauƙi: a tsiyaye ruwan a kwano kada a zubar, a farfasa curin da cokali mai yatsu ana mayar da ruwan kaɗan kaɗan, a kwarara soyayyen kitsen alade mai zafi, ranar Juma'a kuma man shanu, a rufe ya huta, sannan a marmasa a akushi.

Polona ta miƙa hannu za ta karɓi takardar, ya hana.

"Ba a aika abin da ba a gwada ba. Gobe ni zan dafa, daga takardar nan kawai. Ke kuma ki zauna a waje."

Da safe ta zauna a kan benci a tsakar gida tana ɓare wake, Miha ya zo kallo, don labari ya riga ya kai gangare cewa Fada zai shiga ɗakin girki. Suna jin ƙarar murfi, suna jin tari, suna jin ƙus ƙus ɗin addu'a. Sau biyu Polona ta miƙe, sau biyu Miha ya ja ta da gefen riga.

"Zauna, Yaya. In ya ƙone gidan, na coci ne."

Ba a daɗe ba Fada ya fito, fuska duk toka, da akushi a hannu. Miha ya sa cokali, sai ɗanyen gari ya tashi ya baɗe masa gemu.

"Ranka ya daɗe," in ji Miha yana kakkaɓewa, "wannan in aka mayar wa mai niƙa zai karɓa."

"Kun buɗe murfi," in ji Polona.

"Ban buɗe ba."

"To kun bar wuta ta mutu."

"Tana ci har yanzu, je ki gani."

Aka ba kaji tuwon. Washegari ya sake, ita da kanta ta haɗa masa wuta ta fita. Haka ya sake fitowa, waje ya dahu, ciki ɗanye. Wannan karon Miha bai yi dariya sosai ba, don ya ga fuskar yayarsa. Kwana biyu ya rage Yuri ya tashi. Polona ta karɓi takardar ta juya ta sama ta juya ta ƙasa, ita da ba ta san baƙi ko ɗaya ba.

"Ashe abin ba ya shiga takarda," in ji ta. "Ku bar shi, Fada. Na ɓata muku gari da lokaci."

"Duk abin da hannu yake yi baki zai iya faɗa. Akwai abin da kike yi wanda ba ki gaya mini ba."

"Na rantse ban ɓoye komai ba."

"Ban ce kin ɓoye ba. Gobe ki dafa, ni in zauna in yi shiru."

Gari na wayewa ya zauna a kan kututture, agogonsa a tafin hannu. Polona ta yi komai kamar yadda yake a takarda, ba ragi ba ƙari. Ta huda curi, ta rufe, ta janye itace biyu, ta zauna a 'yar kujerarta ta ciro carbi. Da farko ta takura da idonsa, can kuma ta manta da shi. Miha yana jingine da ƙofa.

Da ta ƙare ta sauke tukunya, Fada ya duba agogo.

"Naki ya ninka nawa har da ɗoriya."

"Ai na faɗa," in ji Miha. "Fada yana jan carbi kamar wanda kare ya biyo. Ranar Lahadi kafin in durƙusa ya kai amin."

"Ba sauri ba ne kaɗai." Fada ya juyo wajenta. "Inna Polona, duk bayan ƙwaya goma kina tsayawa kina faɗin wani abu. Na ji Tine, na ji Marusha. Mene ne?"

Ta dube shi da mamaki. "Wannan ai ba cikin addu'a yake ba. Gaisuwa ce kawai. Mutanena ne da suka riga mu, nake kiran sunansu ɗaya ɗaya in ce Allah ya ba su hutawa."

"Su nawa ne?"

Ba ta taɓa ƙirgawa ba. Ta fara da yatsu. Uba da uwa, kakanni huɗu, 'yan'uwa biyar. Tine da iyayensa. 'Ya'yanta biyu da ba su yi tsawon kwana ba, Marusha da Yakob. Matar Miha. Fada biyu na baya, har da mai ciwon ciki, wanda ya sha zaginta. Ungozomar da ta karɓi Lenka. Maƙwabta biyar. Wani sojan da ya mutu a rumbun gidan Mlakar, ba wanda ya san sunansa, ita take ce masa Baƙo. Yatsu suka ƙare ta sake zagayowa. Ashirin da shida.

Ta tsaya da hannu a buɗe. Can ta ce, a hankali, "Uwata carbi biyu take cewa. Yanzu na tuna. Da ina amarya biyu nake ja. Ban san ranar da ya koma ɗaya ba."

Miha ya juya yana duban tsakar gida, yana share hanci da bayan hannu.

Fada ne ya fara magana. "To mu rubuta carbi biyu?"

"Biyu na wa? Naku ko na Miha, da yake barci a tsakiya?" Ta girgiza kai. Ta jawo tukunyar da ta sauke ta leƙa ciki, ta daɗe tana kallo, kamar yau ta fara ganinta. "Bari in sake ɗorawa. Wannan karon ba zan yi addu'a ba, Allah ya yafe mini. Tukunyar zan saurara."

Ta sake ɗorawa, ta tsuguna kusa da murhu, tana faɗa yana rubutawa. Da fari ruwan fari ne, warin kuma na ƙasa ne bayan ruwan sama. Can ruwan zai yi kauri ya koma ruwan toka, ƙarar tafasar ta sauka, ta daina ɓal ɓal ta koma kamar numfashin mai barci. Bayan curin zai yi duhu ya yi sheƙi. In warin ya juya ya zama na gasasshiyar gyaɗar kurmi, a ɗebo kaɗan daga cikin ramin da bakin wuƙa a ɗanɗana. In ya manne a haƙori da saura. In ya narke, a sauke.

"Ashe duk kin sani," in ji Fada.

"Hancina ya sani, bai taɓa gaya mini ba."

Fada ya ce shi yanzu bai dace da gwaji ba, tunda ya gani da ido. Ana bukatar wanda bai san komai ba sam. Su biyun suka juya suka dubi Miha.

"Ni? Shekara tara da rasuwar matata, burodi da zuma nake ci ban mutu ba."

"Shi ya sa," in ji Polona. "Jahilin da ya fi ka sai an je wata ƙasa."

Aka sake fitar da ita tsakar gida. Fada yana karantawa daga bakin ƙofa, Miha yana ciki yana yi yana gunaguni. Ta ji ya ce hannunsa yana ƙaiƙayin tuƙawa, ta ji Fada ya ce takarda ta hana. Ta ji yana tambaya ko wannan ne warin gyaɗar kurmi ko gemunsa ne ya kama wuta. Waken da ke cinyarta ko ɗaya ba ta ɓare ba.

Da akushi ya fito ta sa cokali ta juya. Ya marmashe, wasu gudajin sun yi girma, gishiri ya ɗan yi yawa. Ta kai baki ta tauna, ta daɗe tana taunawa.

"Yaya, yi magana mana."

"Mai jin yunwa zai ci," in ji ta. Ta zuba nono, ta cinye, ta miƙa kwano a ƙara.

A ranar nan Fada ya yi takarda biyu. Ta farko mai alamomin tukunya ce zalla. Ta biyu, ta Lenka, tana da alamomin, amma Polona ta sa ya ƙara a ƙasa cewa in ta rufe murfi ta ja carbi ɗaya, bayan kowace ƙwaya goma ta gaida waɗannan. Ta jero sunayen ashirin da shida yadda take jero su, shi kuma ya rubuta. Ta naɗe takardar a tsumma mai kakin zuma, ta ɗinke bakin, ta sa wa Yuri a cikin riga da hannunta.

"In ka jiƙa ta, kada ka biyo ta Zabreza."

Ta farkon kuwa Fada ya haɗa da sauran aikinsa ya aika Lubilyana, da wasiƙa mai tsawo. Ya karanta wa Polona wani wuri a ciki, inda ya ce shekara biyu yana neman kalmomin girki a bakin mutane don ya zuba abincin wasu a ciki, alhali kalmomin da tukunyarsu suka zo. Ya ce in muna jin kunyar abin da muke ci da safe, ba Jamusawa ne suka raina mu ba. Amsa ta zo kafin Kirsimeti. Abokin ya yi ta kewaye kewaye, daga ƙarshe ya ce to, za a sa, amma a can baya, cikin abincin barori da na ranakun azumi. A ƙasan wasiƙar ya ƙara layi ɗaya, wai matarsa tana tambaya ko akwai irin wannan bayani na kabeji mai tsami da wake.

Fada ya ji haushin maganar barori. Polona ba ta ji ba.

"Ni ai baranya ce, Fada. Sun sa shi inda zan same shi."

Lokacin sanyin nan kusan kullum sai ya shigo da takarda, amma yanzu ba don ya karanta mata ba. Ita take faɗa. Miyar sha'ir, kabeji da wake, naɗaɗɗen burodin gyaɗar kurmi na Ista. Kowanne sai an gwada a hannun Miha, wanda ya yi ƙiba har maɓallin rigarsa ya tsinke. Sai dai duk ranar da ƙanƙara ta sauka Polona takan tsaya a ƙofa ta dubi hanyar kudu. Ba ta san ko takardar ta isa ba, ko Andrei ya iya karanta rubutun Fada, ko garin ya yi tsutsa kafin a kai gare shi.

Sai bayan Ista da mako biyu aka ji ƙararrawar dokin Yuri. Bai murza hula ba wannan karon. Ya ciro takarda daga riga ya miƙa mata, ta riƙe da gefen zane don hannunta da maiƙo, ta wuce kai tsaye ɗakin Fada ba ta ko ƙwanƙwasa ba.

Rubutun Andrei ne, manya manyan baƙaƙe masu karkata kamar shingen da iska ta tura. Fada ya karanta a hankali. Lenka tana gaida Inna da Kawu Miha. Karon farko ya ƙone, don da Andrei ya kai kan sunaye ta kasa tashi daga inda take. Karo na biyu ya yi. Da ta buɗe murfi warin ya bugi fuskarta, sai ga ta a ɗakin girkin gidan Mlakar. Yanzu duk Juma'a shi suke ci. Katra, babbar, ita take huda curi, ba ta yarda kowa ya taɓa. Ƙaramin yana cewa kamar yashi, amma ba ya ragewa. Wata maƙwabciya 'yar Bipaba, mai magana irin tamu, da ta ji wari ta shigo, ta sa an kwafa mata takardar. Gari ya ƙare tun tsakiyar azumi, a taimaka a ƙaro.

"Akwai saura," in ji Fada. "Ta ce cikin sunayen goma sha ɗaya kawai ta sani. Tana tambaya wace ce Marusha, kuma wane ne Baƙo. Ta ce Katra tana tambayarta kullum, ba ta da abin faɗa mata."

Polona ta zauna a kujerar baƙi, abin da ba ta taɓa yi ba a ɗakin nan. Ta goge hannuwanta a zane, ta sake gogewa.

"Ban taɓa gaya mata Marusha yayarta ce ba," in ji ta. "Kwana tara ta yi a duniya. Na ga kamar ba abin faɗa ba ne."

Fada ya ajiye wasiƙar.

"Akwai sauran takarda, Fada?"

"Akwai."

"To ku samo babba. Wannan ba zai shiga guda ɗaya ba. Kuma ku bari in sauke tukunya tukuna, kada wake ya kama."